Gammon Ƙarfe

Ƙarar ba ta da yawa, amma duk wanda ya taɓa jin ta a motarsa ya san yadda take shiga har cikin haƙori, kamar an ja bakin fartanya a kan daɓe. Kullum na karyo kan mota zan hau 'yar gadar simintin da ke kan kwata a ƙofar gidanmu a Runjin Sambo, sai salansa ta gogi ƙasa. Da farko sai in akwai mutum uku a baya. Daga baya buhun gero ɗaya a but ya isa. Ranar da ta yi ƙarar ina ni kaɗai a ciki, ko jakar hannu babu, sai na fito na ja da baya na ƙare mata kallo kamar yau na fara ganin ta. Gindinta ya zauna, ta kuma karkata hagu, irin tsayuwar dattijon da ya ɗora nauyinsa a ƙafa ɗaya yana jiran a ta da iƙama.

Peugeot 504 ce, salun, fara, wadda mu dai Fijo muka san ta. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, da bashin mota na ma'aikata ya saye ta tun ina firamare, kuma da aka zo rabon gado ba wanda ya yi mini gardama a kanta, don 'yan'uwana gani suke wahala na ɗauka. Ita kuwa ba ƙaramar mota ba ce a zamaninta. A Faris aka fara nuna ta a 1968, a 1969 ta ci kambin motar shekara ta Turai. Masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara aiki a 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon, kuma ba a daina harhaɗa 504 a can ba sai 2006, alhali Faransa ta bar ƙera salun ɗin tun 1983. Mu Sakkwatawa muna da ɗan hannu a labarin, don Alhaji Shehu Shagari ya taɓa shugabantar hukumar kamfanin kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979. A shekarar 1975 ɗin ne kuma Ove Andersson, wani direba ɗan Suwidin, ya ci tseren Safari na Kenya da 504, cikin taɓo da ƙura da hanyoyin da ba su fi namu kyau ba.

Ba injinta ne ya sa ta karɓu a nan ba. Injin matsakaici ne, ba ya tsere wa kowa. Tafiyarta ce. Cikinta ya yi nesa da ƙasa, ƙafafunta kuma suna da dogon zango na hawa da sauka, shi ya sa direbobin tasha suka riƙe wagon ɗinta shekara da shekaru a hanyar Gusau da ta Illela da ta Birnin Kebbi, mutum bakwai ko fiye, ga kaya har sai but ya ƙi rufuwa. Motar da aka yi suna da ita saboda tsayinta, yau ga ta tana jan ciki a ƙofar gida kamar kunkuru. Abin ya tsaya mini a rai.

Akwai wata Bafillata da ke kawo fura da nono gidanmu tun Innarmu na raye, daga wata rugga da ke ƙetaren gulbin Rima, bayan Kwalkwalawa. Goggo muke ce mata. Ban taɓa kula da gammonta ba sai bayan da bakaniken mahaifinmu ya ambaci kalmar a gareji.

Tsoho ne, yanzu yaransa ke shiga ƙarƙashin mota, shi yana zaune a kan benci yana nuni da sanda. Na gaya masa abin da ke tafe da ni, har na riga na yanke hukunci: a canza shokozoba, motar ta tashi. Ya yi dariya har da tari.

"Ɗana, wa yag gaya maka shokozoba ka ɗaukar kaya? Motag ga wuyanta na yag gaji. In munka ga hali, gammo za mu yi mata."

Yaran gareji sifesa suke ce wa abin. Shi tsohon gammo yake cewa, kuma tun da na ji haka ban sake jin wani suna ya dace da shi ba.

Washegari da Goggo ta sauke ƙwarya a zaure na tsaya na duba. Tsohon zane ne ta murɗe kamar igiya, ta naɗe shi zagaye, ta bar rami a tsakiya, ta cusa bakin a ciki. Gindin ƙwarya zagaye ne, tsakar kai ma zagaye ce, in ka haɗa su ba mai riƙe wani. Gammon ne ke ba ƙwarya wurin zama, ya baza nauyin a kan kai duka maimakon wuri ɗaya, ya kuma ɗaga kayan kamar yatsa biyu. Iyakar aikinsa ke nan. Nauyin kuwa wuya ne ke ɗauka, da gadon baya. Sa'annan in ka bi ta da ido tana tafiya cikin rairayi, za ka ga ƙafafunta suna nutsewa suna fita, ƙugunta yana karkata, gwiwa tana lanƙwasa, amma ƙwaryar tana tafiya a layi ɗaya kamar a kan igiya aka rataye ta. Duk wani tudu da kwari a gwiwa da ƙugu yake mutuwa, ba ya isa sama.

Haka mota take. Sifirin shi ne wuya, shi ke ɗauke da nauyi, shi kuma ke yanke tsayin da motar za ta tsaya. Sandar ƙarfe ce doguwa da aka naɗe, yadda muke cewa maciji ya yi gammo, kuma idan ka danna shi murɗewa sandar take yi a kan kanta. Shokozoba kuwa gwiwa ce: mai ne a cikin bututu, ana tilasta masa bi ta ƙananan ramuka, don haka yana hana motar ci gaba da lilo bayan ta faɗa rami. Irin mai mai zalla da ke jikin tsofaffin motoci, in ka cire ta gaba ɗaya motar tana tsaye, tsayinta ba zai canza ba. Ban san iyakar mutanen da suka biya kuɗin sababbin shokozoba a wajen masu kayan gyara na titin Emir Yahaya, suka koma gida salansa na gogar ƙasa kamar jiya ba. Saura kaɗan in shiga cikinsu.

Awo muka fara yi, kuma nan ne na ga bambancin tsoho da yara. A gareji ba wuri ɗaya da yake a daidaice, ƙasa ce da baƙin mai ya daskarar, tudu nan kwari can. Ya sa muka kai motar kan daɓen wani gidan mai da ya daina aiki. Aka fitar da komai daga but, aka daidaita iskar tayoyi huɗu, yara biyu suka danna gaba da baya suka saki har ta nutsu. Bai yarda a auna daga ƙasa ba, don taya na iya yin ƙarya: wata ta cinye, wata sabuwa ce, wata ma ba girmansu ɗaya ba. Daga tsakiyar wili zuwa leɓen bodin da ke bisa taya aka ja tef, kusurwa huɗu, aka rubuta da alli a jikin gilashi. Gaba da sauƙi. Baya duka ya sauka, na hagu kuma ya fi na dama sauka da kusan santimita 3.

"Ubanka, Allah shi jiƙan shi, mutum na mai jiki," in ji tsohon. "Kuma shi ɗai yaka zuwa ofis."

Tun watan Afrilun 1972 da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, direba a hagu yake zama. Shekaru masu yawa na zirga-zirga tsakanin gida da sakatariya, kujera ɗaya ce ke ɗauke da mutum. Ko wannan ne dalilin duka ko wani ɓangare ne, ban yi musu ba. Na dai ji wani iri da na gane cewa karkatar da ke ba ni haushi sawun mahaifina ne a jikin ƙarfe.

Ni dabarata mai sauƙi ce: tunda hagu ne ya fi sauka, a yi masa gammo mai kauri shi kaɗai, a bar dama. Kuɗi kaɗan, aiki na yini ɗaya. Tsohon bai ce uffan ba sai da aka ciro sifirin biyun aka tsayar da su gefe da gefe a kan benci. Kafin nan ya sa an tallafe motar da kututturan itace, don ba ya barin yaro ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma ya kori 'yan kallo daga saitin sifirin. Abin da ke riƙe da kwatar nauyin mota, in ya kuɓuce ba ya tambayar sunan wanda ke gabansa.

Na hagu ya fi guntu, ido ma ya gani. A zagayensa na ƙasa, inda rairayi ke taruwa yana cin fenti, tsatsa ta yi masa ƙananan ramuka, kuma da ya kankare da wuƙa sai ga wani siririn layi kamar gashi. Tsagewa ce ta fara. Ban da wannan, ashe motar da gammonta ta fito daga Kaduna: akwai zoben roba da sifirin ke zama a kansa, don ƙarfe kada ya ci ƙarfe. Zafin Sakkwato, da ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ya gasa robar shekara da shekaru har ta lotse ta tsattsage kamar busasshen ƙanzo. Wani ɓangare na saukar motar daga nan yake. Goggo kullum da safe takan warware nata gammon ta kakkaɓe ta sake naɗewa, don ta san tsumma na kwanciya. Na motar ba wanda ya taɓa waiwayarsa tun ranar da aka ɗaura shi.

A nan akwai abin da na karanta daga baya wanda ya ɗan gyara maganar tsohon. Sifirin da ya zauna ba laushi ya yi ba. Taurinsa yana nan kusan yadda yake, tsawonsa ne ya ragu. Dokar da Robert Hooke ya wallafa a Ingila a 1678 tana aiki a kan tsoho da sabo: ka ninka nauyi, matsewa ta ninku. Taurin ya dogara ne ga kaurin sandar, da faɗin zagayen, da yawan zagayen da ke aiki. Saboda haka in ka ɗora gammo, motar za ta tashi da gaske, amma buhun da ke saukar da ita santimita biyu jiya, santimita biyun zai saukar da ita gobe. Wurin zaman kayan ne ya matsa sama, mai ɗaukarsa bai canza ba. Ko Goggo ta naɗa zane uku, wuyanta ɗaya ne. Kuma akwai haɗari ɓoyayye: sifirin da ya riga ya gajarce, zagayensa sun matso kusa da juna. In ka cusa masa gammo mai kauri, kafin taya ta kai ga robar da ke tsayar da ita a can sama, zagayen sun haɗe sun zama dunƙulallen ƙarfe, bugun ramin ya wuce kai tsaye zuwa bodi. Wanda kuma ya fara tsagewa, ranar karyewarsa kawai ka matso da ita.

Dabarun bakin titi duk na gan su, kuma ban ga laifin masu yi ba ƙwarai, talauci ke koya wa mutum ƙira. Akwai masu yanka tsohuwar taya su cusa guntaye tsakanin zagayen sifirin. Motar takan ɗan tashi, amma zagayen da aka toshe ya daina aiki, sauran su ɗauki aikinsa, tafiya ta yi tauri, wata rana kuma guntun ya fice a hanyar Bodinga ba sallama. Akwai masu sayen sifirin wata babbar mota su matsa shi da ƙarfi. Su ba su san yadda kauri ke aiki ba: ka ƙara kaurin sandar da kashi 10 cikin ɗari, tauri ya ƙaru da kusan kashi 46. Mota babu kaya sai ta riƙa tsalle kamar jakin da aka sauke wa mangala. Samari masu son mota ta kwanta ƙasa don ado kuma sukan yanke zagaye ɗaya, ba su lura cewa in takwas ne ke aiki aka bar bakwai, taurin ya ƙaru da kusan kashi 14 ba, ga bakin da aka yanke ba ya zama daidai a mazauninsa. Mafi muni shi ne mai hura wa sifirin wutar walda har ya yi ja. An gasa ƙarfen nan an tsoma, an sake ɗumama shi da awo a wajen digiri 400 zuwa 500 don ya samu halin komawa inda ya fito. Wutar walda tana goge wannan tarbiyya cikin minti ɗaya. Ƙarfen da ya manta hanyar gida, guntun rodi ne kawai mai siffar sifirin.

Kowace mota da irin wuyanta. A-kori-kura 504, wadda har yau za ka gani tana nishi da buhunan albasa daga Gada, sifirin mai falle-falle gare ta a baya, sai a ƙara falle ɗaya ko a kai wa maƙeri ya dake su a kan uwar maƙera su sake yin baka. Volkswagen mai ƙirar kunkuru, da aka riƙa harhaɗawa a Legas daga 1975, sanda ce miƙaƙƙiya ke murɗewa a bayanta, mai haƙora 40 a ciki da 44 a waje, wanda ya iya lissafi yakan zare ta ya juya haƙori nan gaba, can baya, ya samu tsayin da yake so ba tare da ya ƙera komai ba. Citroën DS, wadda ta fito a 1955, kuwa, direba na zaune zai ja hannu motar ta tashi da ƙarfin mai da iska. Fijo salun ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan gatan. Sai dai a ƙera mata.

Muka yi mako biyu ana cigiyar sifirin, har aka samu biyu da aka ciro daga mota ɗaya da ta yi hatsari da gaba, tsawonsu ɗaya, fentinsu bai ci ba. Aka samo sabbin robobi. Da aka ɗaura, karkatar ta tafi, motar ta dawo kusa da yadda na san ta. Sai dai duniya ba ta tsaya jiran ta ba. An sake gina kwatar layinmu an ɗaga ta, tituna kuma sun cika da kunya-kunyar siminti da kowace unguwa ke yi da awon ranta don hana 'yan kabu-kabu gudu. Muna bukatar ƙarin kamar milimita 20 a baya. Yanzu ne lokacin gammo ya yi.

Da na ce to a sassaƙa mai kaurin milimita 20, tsohon ya tambaye ni ko na taɓa ban ruwa da jigo. Na taɓa gani a fadama ina yaro, kafin injinan ban ruwa su kore shi: doguwar sanda a kan gwafa, curin laka a guntun gefe, guga a dogon gefe. Curin ya motsa taki ɗaya, guga ya yi tafiyar taki uku. Ƙafar bayan salun ɗin nan haka take. Hannu ne na ƙarfe da ke lilo daga maƙalinsa a gaba, taya na can ƙarshe, sifirin kuma yana zaune a tsakani. Abin da ka ƙara a wurin sifirin yakan fito da riba a wurin taya. A gaba ba haka ba ne sosai, don tsarin da Earle MacPherson, injiniyan Amurka, ya ƙirƙiro ya sa sifirin kusan a kan tayar kanta. Tsohon bai san sunan Baturen ba, amma bai yarda da zato ba. Ya sa kafinta ya yanko faifan katako mai kaurin milimita 10, aka sa na gwaji, aka sauke motar, aka tura ta gaba da baya don tayoyi su saki jiki, aka auna. Ta tashi kusan 14. Ke nan gammon milimita 14 ya ishe mu. Da an bi tawa, da motar ta ɗaga gindi kamar zakaran da ke shirin faɗa.

Kuskuren da ya biyo baya nawa ne ni kaɗai. Don in rage kuɗi, na kai aikin wajen masu zubin tukunya, waɗanda ke narka tsofaffin fistin da gwangwanin lemo su zuba a ƙirar rairayi. Tukwanensu ba su da laifi, gidanmu ma da su ake tuwo. Aka zuba mini dunƙule biyu na alminiyam, a ido sumul. Da mai injin sassaƙar ƙarfe ya ɗaura ɗaya ya cire fatar sama, sai ga ramuka birjik kamar cikin masa. Iska ce da datti da suka maƙale lokacin zubi. Tukunya ba ta damu da wannan ba, ruwa da wuta kawai take gani. Abin da zai sha duka sau dubbai a kowace tafiya kuwa, kowane rami ƙofar tsagewa ce. Araha ba ta ado. Muka koma wajen 'yan gwangwan, aka tono wani faranti mai kauri na alminiyam daga jikin wani tsohon injin masana'anta, wanda aka murza tun daga kamfani, cikinsa a cike.

Na zauna yini guda a shagon mai injin, rabi jiran wuta, rabi kallo, kuma ban yi da-na-sanin ko ɗaya ba. Masassaƙin turmi itacensa na kwance, gizago ne ke yawo. A nan akasin haka ne: ƙarfen ne ke juyawa a bakin injin, wuƙar tana tsaye, ana matso da ita a hankali da 'yan hannuwa masu zane-zanen awo. Injin ya girme ni, fentinsa kore ya koɗe, amma mutumin ya san inda yake da sako-sako kamar yadda mai doki ya san ƙafar da dokinsa ke ɗingishi. Ɓawon alminiyam yana fita a murɗe, fari fat, kamar taliya. Bai yi aiki da zane a takarda ba. Tsohuwar robar da mazaunin sifirin ne samfurinsa, yana aunawa da wani ma'auni mai baki kamar na kada, ya yanka kaɗan, ya tsayar, ya gwada, ya sake yanka.

A nan na ga cewa gammon Goggo ba zobe ne kawai ba, kuma na mota ma haka. In faifai ne sumul ka cusa, ranar da taya ta rataya a iska a kan wani tudu, sifirin ya saki, faifan zai zame gefe. Sai da ya fafe fuska ɗaya ta rungumi mazaunin da ke jikin bodi, yadda gammo ke rungumar tsakar kai, ya kuma tayar da leɓe a ɗaya fuskar, wanda roba da sifirin za su zauna su kewaye shi, yadda gindin ƙwarya ke nutsewa a rami. Ya buɗe tsakiya da faɗi don shokozoba ta wuce ba gogayya. Kusurwar da leɓen ya haɗu da faifan bai bar ta da kaifi ba, ya zagaye ta, ya ce ƙarfe daga lungu mai kaifi yake fara tsagewa, kamar riga daga bakin aljihu. Da ya gama na biyu ya kifa su fuska da fuska ya ɗaga su saitin hasken ƙofa. Ba haske ya ratsa.

Na ɗauka aiki ya ƙare da an ɗaura, ashe sauran rabin ne ya rage. Duk wanda ya ɗaga kaya a kansa, tafiyarsa ma sai ta canza. Lokacin da motar ke zaune, saman tayoyin baya ya karkato ciki kamar mai gwame, shi ya sa suke cinyewa ta gefen ciki, ni kuwa ina zargin masu sayar da taya. In aka ɗaga ta fiye da kima sai ƙafafun su yi baka, cin ya koma waje, riƙon titi a kwana ya ragu. Milimita 20 ɗinmu ta tsayar da su kusan a miƙe. Aka ɗaga motar tayoyi suka rataya, ya duba ko robar bututun birki ta miƙe tana neman tsinkewa, ya duba ko shokozoba tana da sauran zangon buɗewa. Aka gyara saitin fitilu, don gindi ya tashi, hanci ya sunkuya, hasken ya faɗo kusa.

Abu na ƙarshe shi ne wanda yawancin yara ba su ma san yana nan ba. A ƙarƙashin bayan 504 akwai wani ɗan famfo da ke rage wa birkin baya ƙarfi in motar ba kaya, ya ƙara in an loda ta. Ba shi da sikeli. Da saukar gindin motar yake gane nauyi, kamar yarinyar da ke hango uwarta daga nesa, ta san ko nono ya ƙare ko ya yi kwantai daga yadda wuyanta ya tsaya. Ka ɗora gammo ba ka gyara shi ba, ka yi masa ƙarya: motar na ɗauke da mutum biyar, shi yana ganin ba kowa, ya hana birkin baya rabonsa. Tsohon da kansa ya sauko daga benci, ya kwanta a kan kwali, ya daidaita shi da hannunsa. Ranar kaɗai na ga rigarsa ta taɓa ƙasa.

Ban roƙe shi ya ƙara ko milimita ɗaya ba bayan haka, ko da yake na ga masu ɗaga Fijo har mutum na iya rarrafawa ta ƙarƙashinta. Na taɓa ganin 'yar talla ta jera ƙwarya uku bisa juna, kuma na ga yadda take shan kwana: a hankali, da dukan jiki, hannu ɗaya a sama. Mota ba ta da hannun da za ta tallafa.

Da yammacin wata Alhamis na tarar da Goggo a bakin titi tana jiran abin hawa, kasuwa ba ta yi ba, nono ya rage rabin ƙwarya. Na ce ta shigo in rage mata hanya. Ta yi ta ƙi, ta ce motar Alhaji, wato mahaifinmu, ba ta ɗaukar nono, sai da na ce Alhajin da kansa ya sha ɗaukar taki a cikinta. Ta zauna a baya, ta sauke gammon daga ka ta aza a cinya, ta ɗora ƙwaryar a kai, ta dafe faifan da yatsa biyu. Rabin ƙwarya ya fi cikakkiya fitina, kowace mai talla ta sani, don yana da filin yin tambal-tambal. Muka bi hanyar jami'a, muka haye gulbi ta wajen da ambaliyar 2010 ta yanke hanya, ina tafe ina leƙen ta a madubi. Kunya-kunya huɗu muka hau, ba ƙara ko ɗaya daga ƙasa. A ta biyar hankalina na kan madubi, na taka birki a makare.

Inda kwalta ta rabu da turbar ruggarsu na tsaya. Ta fito, ta warware gammon ta kakkaɓe, ta sake naɗewa a kan yatsunta ba tare da ta duba ba.

"Goggo, ya kika ji motar?"

"Motag ga ta iya tahiya, ɗana," ta ce, tana ɗaga ƙwaryar sama. "Kai na ba ka iya ba."

Ta shiga rairayi, ƙwaryar na tafiya a layinta. Na juya na duba kujerar baya. Akwai ɗigon nono guda, faɗinsa bai kai kwabo ba, na goge shi da hannun riga kafin ya bushe.